Birnin Shehu Ya Tsallake Ganuwa, Hukuma Ta Tsaya A Bakin Titi

Sakkwato tana girma babu mai riƙe da ita, kuma kada kowa ya ce mana ƙaddara ce. Sakaci ne, na waɗanda muka zaɓa da na waɗanda ake biya albashi duk wata don su tsara garin nan. Wanda ya yi shekara goma sha biyar rabonsa da Birnin Shehu, in ya dawo yau ta hanyar Gusau, tun daga Kwannawa zai fara ganin bulo da kwano inda ya bar gero da dawa. Ta ɓangaren Kware, More ta riga ta haɗe da gari. Ta yamma, Arkilla da Gwiwa da Bado sun cika sun batse, gini ya doshi Kalambaina. Talaka ya yi iyakar nasa: ya tara 'yan kuɗinsa da gumin goshi, ya sayi fili, ya ɗora bulo ɗaya bayan ɗaya har ya samu inda zai sa iyalinsa. Hukuma ce ba ta biyo shi ba. A yawancin waɗannan sababbin unguwanni, da ka bar bakin kwalta ka shiga ciki, babu famfo, babu lambatu, babu hanyar kirki, babu makarantar gwamnati da za ta ɗauke yawan yaran. Wani wurin ko filin maƙabarta ba a bari ba.

Ni ɗan Ƙofar Marke ne, kuma mutanen da ke cikin wannan wahala ba baƙi ba ne a wurina. Mu ne. Gidan da kaka ya gina ya bar wa 'ya'ya, 'ya'ya suka raba gado, jikoki suka tashi suka tarar ɗakin da za a sa amarya babu. Zaure ya zama ɗaki, turken dabbobi ya zama ɗaki, tsakar gida ta koma lungu. Daga nan sai fita. Duk saurayin da ya yi aure daga Ƙofar Marke ko Ƙofar Rini ko Ƙofar Taramniya ko Kanwuri, in Allah ya hore masa, bayan gari yake nufa. Saboda haka in na yi maganar Gagi ko Mana ko Tamaje ko Dambuwa, maganar ƙannena da 'ya'yan maƙwabtana nake yi, waɗanda har gobe nan cikin gari suke dawowa suna da ɗaurin aure da jana'iza.

A duba yadda aka yanyanka garin. Birnin da ɗan kabu-kabu zai ratsa da kai daga wannan baki zuwa wancan yana ƙarƙashin ƙananan hukumomi aƙalla biyar: Sakkwato ta Arewa, Sakkwato ta Kudu, Wamakko, Dange-Shuni da Kware, ga Boɗinga gini na ƙara matsowa gare ta ta hanyar filin jirgi. Arkilla da Bado na Wamakko ne. Kwannawa da Dambuwa na Dange-Shuni ne. More ta Kware ce. Mabera da Gagi na Sakkwato ta Kudu ne, Gidan Igwai na ta Arewa. An ja waɗannan iyakoki lokacin da wuraren nan ƙauyuka ne da gonaki, yau sun zama birni ɗaya mai kasuwa ɗaya da ruwa ɗaya da shara ɗaya, amma ba a samu wanda za a nuna da yatsa a ce shi ke da alhakin birnin baki ɗaya ba. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kwashe shara, gyaran magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi, kula da maƙabartu da kasuwanni da tashoshin mota, har da sa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba. To, a cikin mazauna bayan gari wa ke da lambar gida? In gobara ta tashi ko mai naƙuda ta galabaita, kwatance ake yi: ka wuce masallacin Juma'a, ka karya dama wurin mai cajin waya, ka tambayi gidan mai jan ƙyaure.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara dagula lamarin, wanda 'yan siyasa sun san shi sarai. Da yawan waɗanda suka ƙaura ba su ɗauke rajistar zaɓensu ba. Mutum yana kwana a Kwannawa, ranar zaɓe ya dawo rumfarsa ta Ƙofar Marke ya jefa ƙuri'a. Kansilan inda yake kwana ba ya ganin yana binsa bashin komai, kansilan da ya zaɓa kuwa ba shi da iko da ko taku ɗaya na inda yake kwana. Ciyaman da ke zaune a Dange ko Kware yana da ƙauyuka birjik masu kukan rijiya da asibiti, kuma can ƙuri'unsa suke. Haka dubban magidanta suka faɗa tsakanin hukumomi, kowa na cewa ba nasa ba ne.

Ko yawanmu ba a sani ba. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Nijeriya ta 2006 ce, wadda ta ba Sakkwato ta Arewa da ta Kudu a haɗe mutum dubu 427 da ɗoriya. Wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. Yaron da aka haifa shekarar ƙidayar nan yau ya isa aure. Da wane lissafi ake yanke yawan ajujuwa, da girman bututun ruwa, da yawan gadajen asibiti? Jiha ba ta buƙatar jiran Abuja kafin ta ƙirga rufin gidajen babban birninta. Hoton tauraron ɗan Adam yana cikin wayar kowa.

Tushen ɓarnar duka shi ne yadda ake sayar da fili, kuma a nan nake so in daɗe. Na taɓa raka ƙanena duba wani fuloti a bayan gari. Gona ce ta gado, magada sun matsu su raba kuɗi, karan dawar bara ma ba a gama kwashewa ba. Dillali ya zo da igiya da yaro ɗaya mai riƙe masa bakinta. Suka ja, ya dasa ɓallin bulo a kusurwa huɗu, ya ce ga fili nan. Ƙanena ya tambaye shi ina hanya. Ya nuna wani ɗan siririn tsiri tsakanin turaku, wanda in mota ta shiga sai dai ta fito da baya. Ya sake tambaya, in damina ta faɗi ina ruwa zai bi, don ƙasar wurin ta yi kwari. Dillali ya ce, "Alhaji, ruwa sun san hanyassu. Kai dai ka biya yau, wanga wuri nan da shekara biyu tsakiyar gari na." A kan maganarsa ta biyu ya yi gaskiya. Wurin ya cika. Ruwan kuma ya samu hanyarsa, ta cikin ɗakunan mutane.

Wannan shi ne awon igiya, kuma da shi aka gina mafi yawan sabuwar Sakkwato. Takardar ciniki, shaidu biyu ko uku, sa hannun mai unguwa, shi ke nan. Kowane taku na gonar kuɗi ne a wurin mai sayarwa da dillali, don haka babu mai barin filin makaranta, babu mai barin na asibiti, babu mai barin inda yara za su buga ƙwallo. Masallaci kaɗai ke samun wuri, shi ma don wani bawan Allah ya saya ya bayar. Ban ga laifin manomin da birni ya cim ma gonarsa ba, kuma ban ga laifin mai neman inda zai sa kansa ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi iko kai tsaye a kan filayen birni. Muna da ma'aikatar filaye, muna da hukumar tsara birane, muna da masu awo da suka yi karatun abin. Ina suke ranar da ake jan igiya? Ba a ganin kowa sai gini ya kai linta, sannan wani ya ɓullo da jan fenti ya shafa a bango ya ce a dakata. Bayan 'yan kwanaki a ci gaba da aiki, jan fentin na nan, hanyar da aka toshe na nan a toshe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne arhar maganin. Fitar da hanya a cikin gona ba ya cin komai sai ma'aunin mai awo, da turakun siminti, da diyyar ƙasar noma. Fitar da hanyar nan bayan an gina gidaje yana nufin rusau, da diyyar gini, da kotu, da hawayen marayu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk shekarar da gwamnati ta yi shakulatin ɓangaro da gonakin da ke bakin gari, ta ɗora wa gwamnatin da za ta zo bashin da ba za ta iya biya ba, ta kuma yanke wa wasu yara hukuncin tashi a lungun da motar kashe gobara ba za ta taɓa shiga ba. Wanda ke ganin abin ya fi ƙarfin ƙasar Hausa ya je Maraɗi. Bayan ambaliyar 1945 an tayar da garin daga bakin gulbi zuwa tudu, aka yanka shi da tituna miƙaƙƙu masu faɗi. Maraɗi na da nata matsaloli, kuma Nijar ba ta kai mu kuɗi ba, amma mai shiga unguwanninta ya san an fitar da hanya kafin a kafa gida.

Sai ruwa. Garin nan yana zaune ne kusa da inda Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suka haɗu. Sama da mu akwai madatsar Goronyo mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, ga ta Bakolori a Zamfara. Duk da haka sana'ar da ba ta taɓa mutuwa a Sakkwato ita ce ga-ruwa. A fito da asuba a kowace unguwa a gani: kura cike da jarkoki masu ruwan ɗorawa, matashi ya dafe ta da ƙirji yana turawa cikin rairayi, jijiyoyin wuyansa sun tashi, tayar ta nutse, sai ya ja baya ya sake yunƙurawa. A bayansa 'yan mata ƙanana da bokitai a ka, da kayan makaranta a jikinsu, an riga an buga ƙararrawa su kuwa suna layi a bakin burtsatsen wani mai hali. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, uwar gida tana auna ruwan wanka da kofi, tana tara na wanke-wanke don a zuba a bayi. Magidancin da ke sayen ruwa jarka-jarka yana biyan kuɗin da ya ninka na mai famfo a gida, wato mafi talauci shi ke sayen ruwa mafi tsada. Wannan zalunci ne, ko da babu wanda ya zauna ya shirya shi.

A 2018 ruwan Goronyo ya ja baya har ya koma kusan kashi 10 cikin ɗari na abin da madatsar ke ɗauka, hankalin kowa ya tashi, manya suka yi ta zuwa duba wuri. Damina ta zo, aka manta. Ayyukan ruwa shida da aka faro tun zamanin Aliyu Magatakarda Wamakko, a Tamaje, Tsohon Filin Jirgi, Gagi, Mana, Runjin Sambo da Rugar Liman, waɗanda aka ce za su ba da galan miliyan 40 a rana, sun yi shekaru a yashe kafin gwamnatin Ahmed Aliyu ta koma kansu. Komawar abu ne mai kyau, kuma zan yaba ranar da na ga ruwa. Amma tankin da aka ƙaddamar da kaɗe-kaɗe ba ya shayar da kowa sai an ja bututu zuwa ƙofar gida, kuma ta ina za a ja bututu a unguwar da ba a bar hanya ba? Sannan injin ruwa yana son wuta ko man dizal kullum, yana son alam da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, yana son ma'aikacin da aka biya haƙƙinsa. Waɗannan ba a yanka musu ƙyalle, ba a gayyato baƙi daga Abuja a kansu, shi ya sa su ne ake fara mantawa.

Mu na cikin ganuwa kada a ɗauka mun tsira. A Ƙofar Marke akwai gidajen da kan famfonsu ya yi tsatsa don daɗewa bai ga ruwa ba. Tsofaffin bututu sun ruɓe, wasu a cikin kwata suke kwance, ranar da aka saki ruwa sai ya iso da wari. Kowa ya koma haƙa burtsatse, a unguwar da gida ke manne da gida, shaddar wannan na kusa da rijiyar wancan. A ƙarshen 2024 amai da gudawa ya kashe mutane a Sakkwato ta Arewa da Kware da Silame. Cutar nan ba daga sama take faɗowa ba. Najasa ce ke haɗuwa da ruwan sha, kuma hana su haɗuwa shi ne aikin farko na duk wata hukuma da ta amsa sunanta.

In rani ya ƙare da ƙishirwa, damina ta zo da nata. Ruwan da ke sauka a Sakkwato ba shi da yawa, 'yan watanni ne daga Yuni zuwa Satumba, amma yana zuwa da ƙarfi. Da can gonaki da fadamu ke shanye shi. Yanzu an shafe su da siminti da kwano, an gina gidaje a kan hanyoyinsa, 'yan magudanan da ake da su sun cike da leda da rairayi. Mutanen Mabera sun yi shekaru suna kwana a tsaye duk daren da hadari ya haɗu. Kuma ba mu da uzurin cewa ba a gargaɗe mu ba: a Satumban 2010 ambaliyar Rima ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta cinye ƙauyuka da gonaki, karatu ya tsaya. Bayan wannan, kamata ya yi a ja layi ja a kan taswira a ce daga nan zuwa gulbi ba a gini har abada. A je a duba bakin fadama yau a ga ko an ja. Ga kamfanin siminti a Kalambaina, tireloli na fita da shi dare da rana zuwa wasu jihohi, unguwannin da ke shaƙar ƙurarsa kuwa ruwan kwatarsu a tsakiyar hanya yake gudu.

Wuta ba sai na ja magana ba. A sabuwar unguwa mazauna ne ke karo-karo su sayi turaku, su sayi waya, wani lokaci har taransifoma, sannan a kawo musu takardar biya. Tashar wutar jiha mai megawat 38 da aka ba da kwangilarta tun 2008 ta ga gwamna ya gama wa'adinsa, wani ya zo ya gama nasa, masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara suna nan suna ƙona fetur.

A kan wannan duka aka ƙara mana 'yan gudun hijira. Daga Sabon Birni, Isa, Rabah, Goronyo, Wurno, daga Tangaza da Gudu, mutanen da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu sun kwararo Sakkwato. Wasu na zaune a unguwar Ramen Kura, da yawa kuwa sun watsu cikin kangaye a bayan gari, gini babu ƙofa babu taga, an rataya buhu a madadin labule, babu bayi. Mata da suka saba surfe da tatsar shanunsu yau suna bara a bakin shataletale. Waɗannan 'yan jihar nan ne, ba su zo yawon buɗe ido ba, kuma duk mai hankali ya san da yawansu ba za su koma ba ko an samu lafiya, don yaransu a nan suke tashi. Birnin da bai iya shayar da mazaunansa na da ba, an ƙara masa dubbai, kuma ban ga alamar an sake lissafin aji ko na asibiti saboda su ba. Yaron da ya tashi a kango, bai shiga aji ba, bai koyi noma ba don babu gona, me ake tsammanin zai zama nan da shekara goma?

Abin kunyar shi ne a garin da aka kafa da tsari ake wannan. Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, ya zagaye ta da ganuwa, aka fitar da ƙofofin da har yau muke kiran unguwanninmu da sunansu: Ƙofar Marke, Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Ɗunɗaye, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Aliyu Jeɗo. Da jama'a ta ƙaru, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙauro garin a 1815, an faɗaɗa ganuwar don ta ɗauki sababbin zuwa. Baturen nan Clapperton da ya iso a 1824 ya rubuta cewa ya tarar da gari mai yawan jama'a da tituna a tsare. A cikin Usulus Siyasa, nasihar da Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da ganuwa da gadoji da kasuwanni da hanyoyi cikin wajiban shugaba. Shugabanninmu ba sa gajiya da ambaton sunayen waɗannan bayin Allah a kan mumbarin siyasa. Mai son ya gaje su ya fara da abin da suka fara da shi: in jama'a ta ƙaru, shugaba ya riga ta isa wurin ya shata mata mazauni.

Za a ce babu kuɗi. Ban yarda ba. Tun 1967 garin nan yake babban birni, na Jihar Arewa maso Yamma, sannan na Jihar Sakkwato daga 1976. Tun 1999 gwamnoni huɗu suka zauna kujerar: Bafarawa, Wamakko, Tambuwal, yanzu Ahmed Aliyu. An samu kuɗin gadar sama a Rijiyar Ɗorowa da Runjin Sambo. An samu na fitilun titi da ƙawata shataletale. An gina rukunin gidaje a Bado da Kalambaina, waɗanda yawanci ma'aikata da masu hanya ke samu, alhali ninkin ba ninkinsu na talakawa na gina nasu a awon igiya. Ban ce waɗannan ayyuka ba su da amfani ba, kuma na ga titunan cikin gari da aka shimfiɗa a 'yan shekarun nan, wasu unguwanni sun numfasa. Amma duk abin da ake yi a inda idon baƙo ke kaiwa ake yin sa, daga filin jirgi zuwa gidan gwamnati zuwa fadar Sarkin Musulmi. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, kuma daga aljihun mai sayen fetur da mai hawa kabu-kabu ƙarin ya fito. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, ciyamomin birnin nan biyar su fito su faɗa mana nawa ke shigowa duk wata da abin da aka yi da shi. Su liƙa a bangon sakatariya, su karanta a Rima Radiyo. Jihar da rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa a gaba wajen talauci mai fuskoki da yawa, da kusan kashi 90 cikin ɗari na jama'arta, ba ta da naira ɗaya ta yin ado kafin ruwan sha.

Mu ma da namu. Mai unguwar da ke sa hannu a cinikin fili ya san sarai hanyar ruwa ce. Maƙwabcin da ya ci taku biyu na hanya ya kafa shagonsa ya san abin da ya yi. Muna zuba shara a lambatu da dare, da safe mu zagi gwamnati. Lokacin zaɓe kuma a raba mana taliya da atamfa mu manta da jarkokin da ke tsakar gida. Malamanmu da ke cika masallatai su riƙa faɗa a huɗuba cewa cin hanyar jama'a cin haram ne, kamar yadda suke faɗa a kan riba. Amma kada wani jami'i ya ɗauki wannan ya fake da shi. An kafa hukuma ne don ta hana mai son kai cutar da sauran jama'a, kuma wanda aka ba doka da ma'aikata da kasafi laifinsa ba ɗaya yake da na mai tura kura ba.

Abin da nake nema ba ya buƙatar taron ƙwararru a otal. Majalisar dokokin jiha ta yi dokar da za ta sa birnin Sakkwato, daga Kwannawa zuwa More zuwa Kalambaina, ƙarƙashin hukuma guda mai alhakin shara da magudanan ruwa da hanyoyin unguwa, mai shugaba da aka san sunansa da ofishinsa, wanda ƙananan hukumomin nan za su zuba wa kasonsu, wanda kuma za mu iya zuwa mu tsaya a ƙofarsa in lambatu ya toshe. A daina ƙaddamar da aikin ruwa sai an nuna unguwannin da bututunsa ya shiga. Unguwannin da aka riga aka gina a shiga a ba su lamba, a ba masu su takardar mallaka a farashin da talaka zai iya, a sayi 'yan filayen da suka rage a tsakaninsu don makaranta da ɗakin shan magani kafin su ma a ɗora musu bulo.

Mafi gaggawa kuwa su ne gonakin da ke bakin gari yanzu haka, bayan Gagi da Mana, bayan Dambuwa, hanyar Wamakko, hanyar Boɗinga. Da an cire amfanin gona dillalai za su shiga da igiyoyinsu, kamar bara, kamar bara waccan. Gwamna na da ikon da dokar 1978 ta ba shi. Ya tura masu awo wannan ranin, su kafa turakun manyan hanyoyi da na magudanan ruwa, su keɓe filin makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta, a biya manoma diyyarsu a hannu ba tare da ja musu rai ba, a kira uwayen ƙasa da masu unguwanni a gaya musu duk wanda ya sa hannu a cinikin abin da aka keɓe zai amsa tambaya a gaban alƙali. Bayan haka a bar mutane su sayar da sauran, su gina abinsu.